Sharhi: Adireshin intanet na aro da ƙofar da kamfanonin sadarwa ke rufe wa gidaje

Ɗan kasuwar da ya kafa kyamarar tsaro a shagonsa, ko ƙaramin asibitin da ke ajiye bayanan majinyata a kwamfutarsa, yakan ci karo da matsala da zarar ya so duba su daga nesa. Layin da yake biyan kuɗinsa yana barinsa ya leƙa waje, amma ba ya barin a shigo masa.

Tushen matsalar shi ne adireshin IP, lambar da ake gane na'ura da ita a intanet. Tsohon tsarin, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kacal yake da su, kuma hukumar IANA ta raba rukunansu na ƙarshe tun Fabrairun 2011. Yawancin masu layin gida adireshin aro suke samu, wanda kan sauya idan an kashe na'ura an kunna ko wa'adinsa ya cika. Wannan da sauƙi, domin akwai hidimomin da ke bin sawun adireshin duk inda ya koma, su ɗaure shi da suna guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin CGNAT, wanda ke cusa masu layi da dama a bayan adireshi ɗaya, tamkar gidan haya mai ɗakuna barkatai da lamba guda a bakin ƙofa. Saƙon da ya zo daga waje ba tare da an nema ba, babu wanda ya san ɗakin da za a kai shi, sai a yar. Layukan wayar salula da akasarin 'yan Najeriya ke hawa intanet da su galibi haka suke, haka ma tsarin gida na Starlink, wanda ya fara aiki a ƙasar a Janairun 2023.

Kamfanonin suna da hujja. Uwar garken da aka kafa a gida ba tare da kulawa ba takan zama mafakar masu kutse da masu watsa saƙonnin banza, shi ya sa ake toshe mashiga ta 25 da wasiƙun imel ke bi. Ƙarancin adireshin ma gaskiya ne, ga kuma AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, ta shafe shekaru cikin shari'a, har wata kotu a Mauritius ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya a 2023.

Sai dai hujjar ba ta wanke su duka ba. IPv6, wanda aka ƙaddamar a duniya tun Yunin 2012, ya kawar da batun ƙaranci, amma adireshi tsayayye ya ci gaba da zama hajar da ake sayar wa manyan abokan ciniki da ƙarin kuɗi. Wanda bai iya biya ba, sai bayanansa su bi ta uwar garken haya, sau da yawa a ƙetare, kuma da dala.

Hukumar NCC na iya fara wa da ƙaramin mataki: ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana wa mai saye, kafin ya biya, ko layin na bayan CGNAT ne, ko yana ɗauke da IPv6, da kuma mashigan da aka toshe.