Diyyar Motar Da Ta Ragargaje: Tun Ran Gini, Ran Zane

A ƙasar nan mota ba kayan ado ba ce. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mara lafiya asibiti, ga wani kuwa ita ce gonarsa. Ranar da ta yi haɗari har bakanike ya ce ta wuce gyara, abin da kamfanin inshora ya biya shi ne zai nuna ko mai gida zai sake hawa mota. A ganina, sau da yawa ƙwarar da ake kuka da ita tana farawa ne tun ranar da aka yanki takarda.

Da farko mu san abin da muka saya. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga N5,000 zuwa N15,000 ga motar gida tun ran 1 ga Janairu 2023, tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne, har Naira miliyan 3 a kan dukiyarsa. Taka motar ko kwabo ba za ta samu ba. Mai son a biya shi tasa sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya kasa kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara.

To, a nan gizo ke saƙar. Kamfani yana biyan abin da motar za ta yi a kasuwa gab da haɗarin, amma ba ya wuce adadin da aka rubuta a takarda. A watan Yuni 2023 gwamnati ta sakar wa Naira mara, dalar da ke wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, motocin da ake shigo da su kuma suka bi ta. A ce ka rubuta miliyan 4 a 2022, kana ta sabunta takarda a haka, alhali irin motar ta kai miliyan 9. Ranar tsautsayi iyakarka miliyan 4, daga ciki ma a cire kason da yarjejeniya ta ɗora maka. Saboda haka duk shekara a je wurin dillalai a ji farashi, a gyara adadin. Ma'ajin da ke riƙe da takardun motar ikilisiya, wannan magana har da kai.

In haɗari ya auku, a sanar da kamfani nan da nan a rubuce, a ɗauki hotuna, a karɓi rahoton 'yan sanda. Kamfani zai turo mai kimanta asara, sannan ya yi tayi. Tayin farko ba hukuncin alƙali ba ne. Ka nemi a rubuta maka yadda aka yi lissafin da dalilin kowane ragi. Ka kawo farashin mota irin taka, shekara ɗaya, daga dillalai biyu ko uku, haɗe da rasidin sabon inji ko tayoyi in ka saya. Ka kuma sani, in an biya ka duka, gawar motar ta zama ta kamfani. In kana son ta, za a cire kuɗinta.

Babban abin lura shi ne takardar sallama. Sa hannu a kanta na nufin ka yarda an gama da kai. Mutumin da ke kwance a asibiti, bashi na binsa, shi ya fi saurin sa hannu, shi kuma ya fi yin da-na-sani. Sauri ya haifi nawa. In tayin bai yi ba, a rubuta wa shugabannin kamfanin. In sun yi kunnen uwar shegu, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana karɓar koke-koke, kotu kuma tana nan.

Adalci dai hanya biyu ne. Mai mota kada ya ƙara gishiri ko ya ɓoye wanda ke tuƙi, don ƙarya na iya rushe haƙƙinsa gaba ɗaya. Kamfanoni kuma ina kira gare su da su bayyana wa mutane sharuɗɗan nan da harshen da suke ji tun kafin su karɓi kuɗinsu. Mu kuwa, kowa ya ɗauko takardarsa cikin makon nan ya duba adadin da ke ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.