Wata Shida Ga Mai Hali, Mako Guda Ga Mai Bashi

'Yan uwa malamai, akwai wani lissafi da ba ya cikin manhaja, amma da yawanmu a nan Birnin Tarayya mun iya shi da ka: kwana nawa ne tsakanin ranar da kuɗin haya ya ƙare da ranar da za a ga katifar mutum a bakin titi?

A takarda amsar tana da daɗin ji. Dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja, wadda tushenta tun zamanin Turawa ne, ta yanka wa kowace irin haya wa'adinta. Mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biya duk bayan wata uku yana da wata 3, mai hayar shekara kuwa wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takarda ta kwana 7, a sanar da shi mai gida zai garzaya kotu. Daga nan alƙali ne kaɗai ke da ikon cewa a fita, ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da ikon fitarwa.

To, ina gizo ke saƙar? Wannan wata 6 da muke taƙama da shi na wanda ba a bin sa ko kwabo ne. A 2006, cikin shari'ar Odutola da kamfanin Papersack, Kotun Ƙoli ta nuna cewa ɗan hayar shekara da ya kasa biya a kan kari yana iya komawa mai zaman alfarma, wanda mako guda ya isa a sallame shi. Rigimar ta taso ne kan ginin kasuwanci a Legas, tsakanin attajiri da kamfani. Lauyoyi suna ta muhawara kan iyakar wannan hukunci, amma muhawararsu ba ta hana a zare shi kamar takobi a kan malamar aji uku da ke ɗaki biyu a Gwagwalada ba. A 2021 kuma, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta bayyana ra'ayin cewa shigar da ƙara kansa ya wadatar a matsayin sanarwa, ko da an tafka kuskure a notis ɗin farko.

Ba ma sai an je ga manyan shari'u ba. Wa'adin da doka ta yanka yana aiki ne kawai inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba. Wa ke rubuta yarjejeniyar? Lauyan mai gida ko dillalinsa. Yana iya rubuta wata 1 a madadin wata 6, kai kuwa ga kayanka a bayan akori-kura, ka sa hannu ba ka karanta ba. Yana iya rubuta cewa hayar ta shekara guda ce cif, ta ƙare ranar kaza. Ranar na cika, takardar kwana 7 kaɗai ta rage maka.

A duba azancin abin da kyau. Mutumin da aljihunsa ke da nauyi, wanda gobe ma zai iya kama wani gida, shi aka ba rabin shekara. Wanda ya gaza, wanda ba shi da kuɗin shekara guda gaba ɗaya da na dillali da na lauya da sabon gida zai nema, shi aka ce ya tattara cikin mako. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da ake nema daga gare shi ke nan. Wannan ba wa'adi ba ne, horo ne a kan talauci.

Kuma wa ya jefa shi bashin? A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Har Maris na 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Abuja suna jiran haƙƙinsu, abin da ya kai mu ga yajin aikin da ya haura wata uku, ba a janye shi ba sai a Yuli. Ba mu ji an liƙa wa wata sakatariya takardar kwana 7 ba. Bashin da ake bin malami yana da agogo mai gudu. Bashin da malami ke bi ko kalanda ba shi da ita. Mai gida kuwa, da yake bai isa ya shaƙe wuyan hukuma ba, sai ya huce a kan wanda hannunsa ya kai.

Za a ce masu gidaje ma mutane ne. Haka ne. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne, har da malaman da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗakuna huɗu don su ci abinci da tsufa, kuma shari'ar haya takan ja lokaci har ran mai haƙƙi ya ɓaci. Amma maganin jinkirin kotu shi ne a gyara kotu, ba a datse wa'adin ɗan haya ba. Ba kuma wanda ya ce a yafe bashi. Kotu tana da ikon tilasta biyan abin da ya taru, har da kuɗin kwanakin da aka ƙara bayan ƙarewar haya. Lokaci muke nema, lokacin da ya isa mutum ya ga albashi biyu ko uku.

Legas ma, da ake wa kallon garin da ba sani ba sabo, ta fi mu tunani a nan. Dokarta ta haya ta 2011 ta ce hayar mai biya wata-wata ba ta faɗuwa saboda bashi sai ya kai na wata 6. Ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya. Ta kuma tanadi tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo. A Abuja, ƙudurin Sanata Smart Adeyemi na 2022 kan mayar da biyan haya wata-wata bai zama doka ba.

Tunda Majalisar Tarayya ce ke yi wa Abuja doka, can ya kamata reshenmu ya kai kuka, ta hannun uwar ƙungiya. A rubuta ƙarara cewa bashi ba ya rage wa'adi ƙasa da wata 3, kuma babu yarjejeniyar da za ta iya zaftare shi. A ba alƙali ikon dakatar da fitarwa ga duk wanda ya kawo shaidar an riƙe masa albashi, ya tsara masa biya kashi-kashi. Malamin da aka kora daga Kuje a tsakiyar zango ya koma rakuɓe a Suleja ko Mararaba, ai ɗalibansa ne za su fara gani, a darasin safe da babu kowa a gaban allo.

Kafin nan, kowa ya adana rasit ɗinsa da kwafin yarjejeniya. Mai gida ba shi da hurumin kware rufi, ko sauya kwaɗo, ko watsa kaya waje, ko da bashin shekara biyu yake bi. In an kawo maka notis, rubuta ranar da ka karɓa a bayanta, ka kawo ta ofishin reshe a ranar, kada ka jira ta kwana 7 ta biyo baya.