Filin Golf na Jama'a a Gindin Tsaunukan Rocky

A garin Golden na jihar Colorado a Amurka, inda tsaunukan Rocky ke fara tasowa yamma da birnin Denver, akwai filin golf mai suna Fossil Trace. An buɗe shi a 2003 bisa tsarin Jim Engh, kuma mallakar hukumar garin ne: kowa na iya biyan kuɗin zagaye ya shiga, ba sai ɗan ƙungiya ba.

A da can, ramukan haƙar yumɓun bulo ne a wurin. Kusa da rami na 12, duwatsu na tsaye ɗauke da sawun dabbobin dainoso na fiye da shekara miliyan 60. Tsayin wurin ya kai kusan mita 1,700, iska ba ta da kauri, don haka ƙwallo kan wuce inda ɗan wasa ya saba, dole ya sake lissafin sandar da zai ɗauka.

Masu suka na cewa ciyawar golf na shan ruwa a yankin da fari ya addaba, kuma suna da gaskiya. Sai dai fili irin wannan a gefen birni mai bunƙasa, idan hukuma ta sake shi, yakan koma rukunin gidajen attajirai masu shinge. A hannun hukuma kuwa, mazauna gari na da ikon bin ba'asin kuɗin shiga da ruwan da ake sha. Sharaɗin cancantarsa biyu ne: farashin da ma'aikaci zai iya biya, da taƙaita ban ruwa ga inda ake buga ƙwallo kaɗai.