Mai haƙo arzikin ƙasa kada ya tsufa hannu wofi

Tun da kamfanin SOMAIR ya soma fid da uraniyom a Arlit cikin 1971, COMINAK kuma ta bi baya a Akuta cikin 1978, ƴan Nijar daga ko wace jaha suka nufi arewa neman aiki. Ƴan Damagaram ba a bar su baya ba. Waɗansunsu sun komo gida, suna zaune Mirriya da ƙauyukanta, ƙarfi ya ƙare. Tambayar da ke gaban hukuma da jama'a ita ce: da mi za su rayu?

Doka ta yi tanadi. Ma'aikacin da aka rubuta sunansa a asusun CNSS yana da hakkin fansho in ya cika shekara 60, muddin an zuba masa kuɗi na wata 180, wato shekara 15. Wanda wahalar aiki ta tsofar da shi tun lokaci bai yi ba, yana iya neman hutu a shekara 55, in likita ya tabbatar. Wannan ƙofa ta dace da mutumin da ya share shekaru cikin rami yana shaƙar ƙura. Ko wane wata ana cire wani kaso daga albashinsa, mai kamfani kuma ya ƙara nasa. Saboda haka fansho ba sadaka ba ce, guminsa ne aka ajiye masa.

Amma doka takarda take bi. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, kuma ɗaruruwan leburorin da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila ba su samu kuɗin sallama irin na ma'aikatan kamfanin ba. Samarin da suka kwarara Jado neman zinariya tun 2014, galibinsu ba kwantaragi, ba lambar asusu. Wanda rami ya karya, sai dangi su ɗauki nauyinsa.

Don haka wajibi ne ko wane ma'aikaci ya nemi lambarsa ta CNSS tun ranar da ya kama aiki, ya adana takardun albashinsa. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya je kotu a yi masa wadda za ta maye gurbinta, domin da ita ake ƙidaya shekaru. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su karanta wa ƴan'uwansu waɗannan takardu, su raka tsofaffi da matan mamata ofishin asusun a Zinder, tun da Mirriya ba ta da nisa. Sufetocin aiki kuma su binciki ƴan kwangila, su tabbatar kuɗin da aka cire wa lebura ya isa asusu. Sarakuna da masu gari su yi wa samari gargaɗi kafin su hau mota. Da sanyin safiya ake kama fara.