Sabon Maganin Sankara Da Hanyar Sabha: Ba Kowane Kaya Ake Ɗaurewa A Bayan Mota Ba

Tun da gwamnatin Nijar ta soke dokar 2015 da ta taƙaita jigilar baƙin haure, a watan Nuwamba na 2023, hanyar Agadas zuwa Dirku, Madama, Gatrun har Sabha ta sake raya. Cikin saƙonnin da 'yan uwa ke ɗora wa fatake har da maganin ciwon daji, musamman irin na zamani da ake kira na ƙwayoyin nano. Ya kamata mu san ko mene ne kafin mu karɓi amanar.

Tsohon maganin sankara da ake ƙarawa ta jijiya bai san lafiyayyen nama da marar lafiya ba, shi ya sa gashi ke zuba, jiki ya yi laushi. A 1986 wasu masana biyu a Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna yoyo. Saboda haka idan aka ƙunshe magani cikin 'yan ƙwayoyin da sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashi guda, sukan fi taruwa a wurin ciwon. Amurka ta amince da Doxil a 1995, wanda aka naɗe cikin ƙwayar kitse, sai Abraxane a 2005 don sankarar mama. Amfanin Doxil a fili yake: bai kai tsohon yi wa zuciya lahani ba.

Amma fa ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Wani nazari na 2016 kan gwaje-gwajen dabbobi ya gano cewa abin da ke isa ga ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk wanda ya ce mana yana warkar da kowace sankara, kuɗinmu yake so.

Abin da ya fi shafarmu shi ne zafi. Doxil yana buƙatar sanyin firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a yarda ya daskare ba. A Fezzan kuwa zafin bazara kan haura 40, tafiyar kuma ta kwanaki ce. Kwalba za ta iso lafiya, amma babu mai tabbacin abin da ke cikinta.

Ga kuma jabu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin magunguna 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A Libiya ma, a 2025 gwamnatin Tarabulus ta sauke mai riƙe da ma'aikatar lafiya kan shigo da maganin daji daga Iraki ba bisa ƙa'ida ba. In bera da sata, daddawa ma da wari: muddin akwai masu saye a ɓoye, masu sayarwa ba za su daina ba.

Shawararmu ita ce, a kai marar lafiya ga magani maimakon a kai masa magani. Sabha na da cibiyar masu ciwon daji, Yamai kuma ta buɗe sashen gashi na cibiyarta a 2021. Kumburin mama ko jinin da ya ƙi tsayawa, a je a duba tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ribar dabino da barguna ta ishe mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.