Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Jagorancin Ayyukan Manhaja

'Yan'uwa abokan sana'a,

Ina so mu tattauna kan abin da ake yi kullum a ofisoshinmu amma ba a rubuta shi. Kowane kamfani yana da tsarin aikinsa: a ji buƙatar kwastoma, a zana, a rubuta, a gwada, a miƙa. Sai sabon aiki ya shigo, shugaban aiki ya duba ya ce wannan ƙarami ne, a bar takardar zane, a rage gwaji. Sau da yawa yana da gaskiya, domin tela ma ba ya yanka wa kowa riga da awo ɗaya. Damuwata ita ce dalilin nan a kansa kaɗai yake zaune. Ranar da ya koma wani kamfani, dalilin ya bi shi, wanda ya gaje shi kuma sai dai ya yi ta lalube.

Akwai hanyar magance wannan. Tun a 1987 Leon Osterweil ya nuna cewa tsarin da ake bi wajen gina manhaja shi ma ana iya rubuta shi filla-filla kamar manhaja. A 2008 ƙungiyar OMG ta fitar da SPEM 2.0, ƙa'idar da ake zayyana tsarin aiki da ita: wane ne zai yi me, da wane abu zai fara, me zai fitar. Masu bincike a Jami'ar Chile da ke Santiago, cikinsu har da Cecilia Bastarrica da Julio Hurtado, sun ɗora a kan wannan wajen 2011, kuma da kamfanonin ƙasarsu suka gwada. Suna rubuta tsarin kamfani gaba ɗaya a matsayin samfuri, su nuna sassan da tilas ne da waɗanda ake iya cirewa ko musanyawa. Samfuri na biyu yana bayyana halin aikin da ke gaba. Sai a rubuta ƙa'idoji da harshen ATL, kwamfuta ta haɗa biyun ta fitar da tsarin da ya dace da wannan aikin kaɗai.

A samfuri na biyun nan nake roƙon ku natsu, don a nan ake faɗuwa. Za ku ji sha'awar zuba masa tambayoyi barkatai. Ku daure. Barry Boehm da Richard Turner, a littafinsu na 2003, abubuwa 5 suka auna: girman aiki, munin abin da zai faru idan manhajar ta gaza, yawan sauyin buƙatu, ƙwarewar ma'aikata, da al'adar wurin aiki. Ku fara daga irin waɗannan. Duk tambayar da amsarta ba ta sauya komai a tsarin da zai fito, ku cire ta. Kuma ku amsa da gaskiya. Idan yawancin ma'aikatan sababbin hannu ne, a rubuta haka, ko da shugaba ba ya son ji. Kwamfuta za ta bi ƙaryar da aka ba ta ba tare da gardama ba, ta cire bitar da aikin ya fi buƙata.

Akwai sassan da bai halatta ƙa'ida ta taɓa su ba. Mai gina manhajar na'urar asibiti yana ƙarƙashin IEC 62304, wadda ta kasa manhaja aji A da B da C, kuma aji C shi ne wanda kuskurensa zai iya jawo mummunan rauni ko mutuwa. A irin wannan aiki, ƙarancin lokaci ba hujja ba ce ta rage gwaji. Ku kulle waɗannan matakai tun a samfurin farko.

Na san wasu za su ce tun sanarwar Agile ta 2001 an bar yayin tulin takardu. Ina tare da su a kan ƙin takardar da ba mai karantawa. To amma hanyar samfuri da ƙa'idoji ita ce ke ba ku damar yar da takardar da hujjar da kowa zai gani, maimakon ganin dama. Ƙaramin kamfani ma ba a bar shi a baya ba: ISO/IEC 29110 an yi ta ne domin ƙungiyar da ba ta wuce mutum 25 ba, kuma tana iya zama mafarin samfurinku.

Gaskiya ne aikin farko yana da nauyi. Rubuta samfuri da ƙa'idoji yana cin lokaci, ribar kuma sai ayyuka sun yi yawa take bayyana. Wanda aiki ɗaya ko biyu yake yi a shekara, jadawali a takarda ya ishe shi, in dai ya rubuta sharaɗi da abin da sharaɗin ke jawowa. Idan an kammala kowane aiki, ku zauna da waɗanda suka yi shi, ku tambaye su wane mataki suka tsallake a ɓoye, wane kuma suka ƙara da kansu. Ku gyara ƙa'idar a ranar, ku rubuta dalilin gyaran kusa da ita.

Allah ya yi mana jagora. Wassalam.

Ɗan'uwanku a sana'a.