Kafin ku ƙara zagin likitan zuciyar da ya tafi Saudiyya, ku karanta wannan zaren

1/ Tun jiya nake ganin ana yawo da hoton wani likitan tiyatar zuciya, wai ya ajiye aiki ya tafi Saudiyya. Zagi ta uwa ta uba. "Maci amana ne." "Da kuɗin talakawa aka karantar da shi." Na yi ta danne zuciyata, na kasa. Bari in faɗi nawa, wanda zai ji haushi ya ji.

2/ Ni ba likitanci nake karantawa ba, kar wani ya ce kare 'yan ajinmu nake yi. Ɗan Paki ne ni, ƙaramar hukumar Ikara. Ɗan abin da na sani game da zuciya a kan bencin asibiti na koya, wajen jinyar ƙanwata, ɗiyar kawuna da muka tashi gida ɗaya.

3/ Tana 'yar shekara tara ta fara yawan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi. Me aka yi? Abin da kowa ke yi a wajenmu. Aka sayo kafso huɗu a kemis, ta sha kwana biyu, ta ji sauƙi, aka bari. Da ya dawo sai aka ce beli ne, aka kira wanzami ya cire. Ba wanda ya yi da mugunta. Iya sanin mutanenmu ke nan.

4/ Bayan 'yan makonni gwiwarta ta kumbura. Ta saɓe, sai idon sawu ya ɗauka, daga nan gwiwar hannu. Ciwo na yawo daga gaɓa zuwa gaɓa. Aka ce sanyi ne. Daga baya hannunta ya riƙa fizga da kansa, ko cokali ba ta iya riƙewa. Kun san hukuncin da aka yanke: iska ce ta shafe ta. Aka yi ta hayaƙi.

5/ Shekara bakwai bayan haka, yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya ta koma ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki. Ƙafa ta kumbura. Da dare ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku. Sai a lokacin aka yi mata hoton zuciya a Zariya.

6/ Likitan ya zana mana a bayan kati. Zuciya ɗaki huɗu ce, da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa, kamar bawul a injin ban-ruwa. Wata ƙwayar bakteriya ce ke kama maƙogwaron yaro. In ba a kashe ta da magani ba, a wasu yaran sai garkuwar jiki ta rikice, ta far wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciyar yaron kansa. Duk dawowar ciwon, ƙarin tabo. A ƙarshe ƙofar ta tsuke ko ta riƙa yoyo.

7/ Ya tambayi kawu: "Baba, tana ƙarama ta yi ciwon wuya da kumburin gaɓoɓi?" Kawu ya ce ƙwarai. Likita ya yi shiru, sannan ya ce da an ba ta fenisilin na kwana goma cikakku, ko allura ɗaya tak, da wuya mu zo nan. Wallahi har yau ban manta fuskar kawuna ba a wannan lokacin.

8/ Yanzu tana cikin layin masu jiran tiyata. Kuɗin aikin miliyoyi ne. Ko an haɗa masarar gidanmu ta shekara uku ba za ta biya ba. To kun ga in akwai wanda ya kamata ya tsine wa likitan da ya tafi, ni ne. Amma ba zan tsine masa ba, ga dalili.

9/ Ku fara da lissafin shekaru. Shida a makarantar likitanci, in ba yajin aiki. Ɗaya ta gwajin aiki a asibiti. Ɗaya ta bautar ƙasa. Sannan shida ko fiye na ƙwarewa a tiyata, ga jarrabawar da ke kayar da mutane sau biyu sau uku. Kafin a bar shi ya tsaga ƙirjin mutum shi ke jagora, ya doshi arba'in, sa'anninsa sun aurar da ƙanne sun gina gida.

10/ Sai ya gama duk wannan ya tarar hannunsa kaɗai ba ya aikin. Tiyatar buɗe zuciya tsayar da zuciyar ake yi cak. Wata na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu, jinin mutum na zagayawa ta cikinta, kuma akwai ƙwararre na musamman da aikinsa ke nan, kula da ita. Ga likitan sa barci. Ga nas-nas na ɗakin kulawa ta musamman da za su kwana a kansa. Ga jini leda-leda da aka tantance. Ga iskar oksijin. Ga wutar da ba za ta ƙifta ba ko na minti ɗaya.

11/ Ka cire ɗaya daga ciki, mutum ya mutu a kan tebur. Wa dangi za su shaƙe a bakin ƙofa? Ba za su je neman wanda ya cinye kuɗin man janareto ba. Likitan da suka gani da jini a riga shi za su kama.

12/ Kuma hannu mantuwa gare shi. Takwaransa a Indiya ko Masar kusan kullum yana ɗakin tiyata. Namu sai ya yi watanni yana jiran a kawo kayan aiki, ko wata tawagar baƙi ta zo ta yi mako biyu ta tafi. Ka ce wa direba ya riƙa tuƙi sau biyu a shekara, sannan ka ɗora masa iyalinka zuwa Legas. Da yawansu ba albashi kaɗai ke korarsu ba, tsoron kar sana'ar ta mutu a hannunsu ne.

13/ Ga tarihin da ba a koya mana a makaranta ba. A farkon 1974, a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu, aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a ƙasar nan. Farfesa Fabian Udekwu ne ya jagoranta, tare da wani likita ɗan Masar da ya zo daga Ingila, Magdi Yacoub. Shekara huɗu kacal bayan yaƙin basasa. Shekara shida da 'yan watanni bayan Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a Cape Town, Disamban 1967.

14/ Wato ba mu makara ba. Da wuri muka fara, sai aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa, a yi 'yan shekaru a rufe, a sake buɗewa da biki. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

15/ Shi kuwa Yacoub, ku ji nasa labarin, don ya taɓa ni sosai. An haife shi a 1935 a Bilbeis, Masar. Yana ƙaramin yaro gwaggonsa ta rasu wajen haihuwa, tana 'yar ashirin da 'yan kai, saboda tsukewar ƙofar zuciya. Irin ciwon ƙanwata. Wannan mutuwar ce ta sa shi a hanya.

16/ Ya gama Jami'ar Alƙahira a 1957, sannan ya TAFI. E, ya bar ƙasarsa, kamar wanda kuke zagi. A asibitin Harefield na Ingila ya fara dashen zuciya a 1980, ya mai da wurin ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin dashe a duniya. Da a zamaninmu ne da tuni an lulluɓe shi da "maci amana".

17/ A 2009 ya buɗe cibiyar zuciya a Aswan, can kudancin Masar, nesa da babban birni. Kyauta ake yi wa marasa lafiya aiki, da gudummawar Misirawa ake tafiyar da ita, kuma ana horar da matasan likitoci a nan gida. Ya dawo ne saboda ya sami inda zai dawo. Mu me muka tanada wa namu in sun so dawowa?

18/ Sudan ma, duk da halin da take ciki, tun 2007 ƙungiyar EMERGENCY ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam a gefen Khartoum, tiyatar zuciya kyauta, marasa lafiya na zuwa daga ƙasashe da dama. Mafi yawan aikinsu gyaran ƙofofin da ciwon maƙogwaron nan ya lalata ne.

19/ Mu kuma fa? A Abuja aka taru a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Da sunan birninmu ake kiran alkawarin. Kasafin tarayya yawanci tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo.

20/ A 2019 ministan ƙwadago Chris Ngige, shi kansa likita, ya fito a talabijin ya nuna likitoci sun yi mana yawa, mai son tafiya ya tafi. A 2023 kuma ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida. Jiya a ce ku tafi, yau a ce a ɗaure ku. Ba wanda ya kawo ƙudurin gyara ɗakin tiyata.

21/ Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, da kumburin rigar zuciya ya kama shi a Nuwamban 2009, Jidda aka kai shi. Ba gori nake yi ba. Tambaya nake: in shugaban ƙasa bai yarda da asibitin gida ba, don me za a zagi likitan da ya bi shi can ya yi aiki?

22/ 'Yan Arsenal, Kanu ɗinku ma a Amurka aka gyara masa ƙofar zuciya a 1996, bayan zinaren Atlanta. Ya dawo ya kafa gidauniya a 2000, ta ceci ɗaruruwan yara. Allah ya saka masa. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta jingina zukatan 'ya'yanta a kan ɗan ƙwallo ɗaya, ai abin kunya ne.

23/ Na san amsar da za a ba ni: "To in duk sun tafi wa zai yi wa ƙanwarka aiki?" Gaskiya ne, kuma yana mini zafi. Kuɗin jama'a ya taimaka wajen karatunsu, ban musa ba. Akwai waɗanda suka zauna, suna aiki da abin da ya samu, su ne ya kamata ku riƙa yawo da hotunansu. Amma zaginku bai taɓa dawo da ko mutum ɗaya ba, kuma bai sayi lita ɗaya ta dizal ba.

24/ Yanzu ga inda nake son mu kalli kanmu. Ko yau aka dawo da duk likitocin zuciyarmu daga Saudiyya da Ingila aka zuba su a Shika, ba za su iya da yaran da muke turo musu ba. Ciwon nan na kan mutum kusan miliyan 40 a duniya, yana kashe wajen 300,000 duk shekara, kusan duka a ƙasashen talakawa. A Turai ya zama labari. Cunkoson ɗaki da rashin magani a kan lokaci ke raya shi, mu kuwa yara takwas a ɗaki ɗaya lokacin hunturu ba baƙon abu ba ne.

25/ Kuma tiyatar ba ita ce ƙarshen wahala ba. In aka sa ƙofar ƙarfe, mutum zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa, ana auna jinin a kai a kai. Ya yi yawa, zubar jini. Ya yi kaɗan, shanyewar ɓarin jiki. Ga mace kuma maganin na da haɗari ga ciki. Ku gaya mini inda yarinya a ƙauyen Kudan za ta riƙa wannan awon duk wata.

26/ Lardin Pinar del Río na Kuba, daga 1986 zuwa 1996, sun karya lagon ciwon nan ba da sabon ɗakin tiyata ba. Koya wa ma'aikatan lafiya da malamai da iyaye gane shi suka yi, suka rubuta sunan kowane yaro mai shi, suka tabbatar allura ba ta yankewa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar. Ka taɓa jin wani ɗan takara a shiyyarmu ya ambace ta?

27/ Ba zai ambata ba, don allurar fenisilin ba ta hoto. Abin da ke hoto shi ne a ɗauki yaro ɗaya zuwa Indiya, a tsaya da shi a filin jirgi da babbar riga, mu kuma mu cika ƙasan hoton da "Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe". Sauran ɗari da ba su da mai ɗora su a intanet fa?

28/ Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris nan a Makarfi, ƙofar gidanmu, duk shekara tana yaye ma'aikata. Su ne ke zaune a ƙananan asibitocin Ikara da Hunkuyi da Paki. Su ne za su fara ganin yaron kafin kowane farfesa. A ba su maganin, a ba su horon, a biya su. Wannan ai bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

29/ Ku da ke da ƙanne, dan Allah: yaro tsakanin shekara 5 da 15 mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, musamman in ba tari ba mura, a kai shi ma'aikacin lafiya ya duba. Ba kowane ciwon wuya ke son fenisilin ba, shi ya sa ba kai za ka yanke ba. In an rubuta kwana goma, a sha goma. Gaɓoɓi na kumbura suna yawo, ko hannu na fizga, ku yi addu'arku, amma a je asibiti a saurari zuciyar.

30/ Ƙanwata shekararta 17 yanzu. An fara maganar aurenta, likita ya ja kawu gefe ya ce ciki a wannan halin zai iya tafiya da ita. Inna ta yi kuka, don ba ta san me za ta ce wa dangin yaron ba. Abin da ke riƙe da ƙofar kar ta ƙara lalacewa allura ce duk mako huɗu, mai zafin tsiya. Ta wannan watan ranar Alhamis ce, kuma kemis uku na shiga jiya babu. Gobe in na fito daga lacca zan leƙa Sabon Gari in nema, in ba direban Ikara ya kai mata.